Yadda ake haɗa na'urar Blu-ray da tsohon majigi

Tsohon majigi yana da wuyar mutuwa. Wanda aka ƙera a 2004 ko 2006, in dai ƙwansa na da sauran rai, zai cika maka bango da hoto har gobe. Rikicin yana tasowa ne ranar da ka samo na'urar Blu-ray, wato mai kunna faifan fim ɗin nan da ya fi DVD kaifin hoto, ka juya bayanta ka tarar kafar hoto ɗaya tal gare ta, wato HDMI, ka leƙa bayan majigin ka ga babu mai kama da ita. Ana haɗa su su yi aiki lafiya lau, sai dai hanyar ba ɗaya ba ce, kuma majigin ne zai zaɓa maka wadda za ka bi. Saboda haka kada ka sayi ko da waya ɗaya sai ka gama mataki na farko.

Mataki na farko: ka san abin da ke bayan majiginka

Cire shi daga wuta, ka kai shi inda akwai haske, ka duba kafofin ɗaya bayan ɗaya. Shuɗiyar nan mai 'yan ramuka 15 a layi uku ita ce VGA, wadda IBM ya fito da ita tun 1987. Wasu majigan suna rubuta mata Computer ko RGB. Fara mai faɗi, mai ramuka da yawa da wata 'yar tsaga a gefe, ita ce DVI, ta 1999. Zagayayyu uku a jere, kore da shuɗi da ja, an rubuta musu Y, Pb, Pr, su ne component. Rawaya guda ɗaya ita ce composite, wadda muka saba da ita tun zamanin bidiyon kaset. Akwai kuma wata baƙa zagayayya mai ramuka huɗu, S-Video. In majigin InFocus ne, za ka iya ganin wata mai kama da DVI amma ta fi ta tsawo, M1-DA ke nan, kuma kan DVI ba ya shigarta, kada ka tura da ƙarfi.

Ɗauki hoton bayan da wayarka, ka ɗauki na lambar samfurin da ke manne a ƙasansa. Da wannan lambar za ka nemi littafin majigin a intanet, kusan duk kamfanonin sun bar nasu kyauta. Abu uku kake nema a ciki.

Na ɗaya shi ne ainihin yawan ɗigon da majigin yake iya haskawa. Za ka ga 800x600, ko 1024x768, ko 1280x720, ko 1280x800. Kada rubutun da ke jikin kwali ya ruɗe ka, wai yana karɓar 1080. Karɓa daban, nunawa daban. Faifan Blu-ray yana ɗauke da hoto mai 1920x1080, majigin zai matse shi ne ya koma daidai nasa. Bari mu yi lissafi. Majigi mai 1024x768 allonsa 4:3 ne, fim kuwa 16:9, don haka layi 576 kawai zai yi amfani da su, sauran su zama baƙi sama da ƙasa. In fim ɗin irin mai faɗin nan ne na 2.39:1, layi 428 za su rage. Mai 800x600 kuwa layi 450 zai ba ka a 16:9, bai ma kai na DVD ɗin ƙasashenmu mai layi 576 ba. A ganina, in naka 800x600 ne, kada ka kashe kuɗi da yawa a kan haɗin, domin ɗan bambancin da za ka gani bai taka kara ya karya ba. Daga 1024x768 ake fara ganin amfanin Blu-ray, a 1280x720 kuwa bambancin a fili yake.

Na biyu, jadawalin siginar da yake karɓa, galibi yana shafukan ƙarshe. Nemi 720p da 1080i, wato siginar hoto mai kaifi mai layi 720 da mai layi 1080, ka lura ta wace kafa yake karɓarsu.

Na uku, kuma shi ya fi kayar da mutane, shi ne haruffa huɗu: HDCP. Wani makulli ne da kamfanin Intel ya ƙirƙiro don hana kwafar fim ta waya. Kafin na'urar Blu-ray ta saki hoto ta HDMI sai ta yi sallama, in abin da ke ɗaya bakin wayar bai amsa ba, ba za ta shigo ba. Kai dai baƙin allo za ka gani, ko yayyafi kamar tashar da ta ɗauke, alhali waya lafiya, majigi lafiya. Majigan da aka yi don kallon fim a gida, irin Sanyo PLV-Z2 mai DVI, da InFocus ScreenPlay 4805 mai M1-DA, da Panasonic PT-AE700 mai HDMI, duk sun san HDCP. Na ofis da na makaranta, waɗanda aka yi don kwamfuta a farkon shekarun 2000, da yawansu suna da DVI amma ba su san shi ba. In littafin bai ambaci HDCP a gefen DVI ba, ka ɗauka babu.

Mataki na biyu: ita ma na'urar a duba ta

Yawancin na'urorin Blu-ray da ke yawo a kasuwanninmu na hannu ne, daga Turai ko Amurka. Kafin ka cusa ta a soket, karanta rubutun wuta da ke bayanta. In ka ga 120V 60Hz kawai, ta Amurka ce, wutarmu kuwa volt 220 zuwa 240 ce, tana shiga za ta ƙone. Sai da taransifomar rage wuta. In an rubuta 220–240V ko 100–240V, ba komai.

Sai harafin yanki. An raba faya-fayan Blu-ray gida uku: A na Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya, B na Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya, C na Sin da Rasha da Indiya. Mu muna B. Faya-fayai da yawa ba a kulle su ba, za ka ga A, B, C duka a bayan kwalinsu, amma wanda aka kulle ba zai tashi a na'urar wani yanki ba. Wata matsalar kuma, na'urorin Amurka da dama ba sa karanta faifan da aka yi a kan 50Hz. In kana da zaɓi, ɗauki ta Ingila ko ta Jamus.

Shekarar da aka ƙera ta ma tana da muhimmanci, musamman ga mai son bin hanyar component. Yarjejeniyar AACS, wadda kowane mai ƙera na'urar Blu-ray ya sa wa hannu, ta ce na'urorin da aka fitar daga farkon 2011 ba za su saki hoto mai kaifi ta kafofin analog irin component ba, sai 480i ko 576i, wato matakin DVD. Daga farkon 2014 kuma aka cire kafofin hoton analog gaba ɗaya. Ke nan na'urar 2008 ko 2009, irin Sony BDP-S350 ko BDP-S360 ko Panasonic DMP-BD60, ta fi sabuwa amfani ga mai tsohon majigi. Haka PlayStation 3, na'urar wasan da ita ma take kunna Blu-ray: na farko-farko suna sakin fim ɗin Blu-ray da kaifinsa ta component, amma daga samfurin CECH-3000 na 2011 aka toshe wannan.

Mataki na uku: saita na'urar a jikin talabijin tukuna

Wannan matakin mutane suke tsallakewa, su kwana suna fama. Na'urar tana zuwa ne a saitin Auto, ko a saitin da mai ita na da ya bari, sau da yawa 1080p. In majigin bai karɓi wannan ba, ba za ka ga ko menu ba, balle ka gyara. Don haka haɗa ta da kowace talabijin mai HDMI, ko ta maƙwabci ce, ka shiga saitin hoto.

A wurin Resolution, cire Auto ka zaɓi 720p. Kusan duk majigin da ya san HD yana karɓarsa. Wurin da aka rubuta 24p Output ko 1080/24p, kashe shi. Fim ana ɗaukarsa ne hoto 24 a daƙiƙa, kuma tsofaffin majigai da yawa 50 da 60 kawai suka sani. Deep Color, kashe shi. In akwai 3D ko 4K Upscale, su ma kashe su. A wurin launi, inda aka ba ka zaɓi tsakanin YCbCr da RGB, zaɓi RGB in ta DVI ko VGA za ka bi, in HDMI ce kai tsaye bar shi a Auto. TV Type ko TV Aspect, sa 16:9. Sai ka kashe ta, ka ɗauko ta.

Mataki na huɗu: haɗin hoto

In majigin yana da HDMI, ko da ta farko-farko ce, an gama: waya ɗaya. Abin lura shi ne tsawo. Waya mai kyau tana kai 720p ko 1080i mita 10 ba tare da matsala ba, daga nan zuwa 15 sai sa'a da ingancin waya. In za ta wuce haka, nemi 'yan akwatunan nan guda biyu masu ɗaukar HDMI ta wayar intanet Cat6, ɗaya a bakin na'ura ɗaya a bakin majigi.

In DVI ce mai HDCP, ka yi dace, domin hoton DVI da na HDMI iri ɗaya ne, kan ne kawai ya bambanta. Waya mai HDMI a baki ɗaya da DVI-D a ɗaya bakin ita ce duk abin da kake bukata, babu akwati, babu wuta, kuma tana shiga kafar DVI-D da ta DVI-I duka. Ɗaure sukurori biyun nan na gefe, don nauyin wayar yana janye kan a hankali, musamman in majigin a rufi yake rataye. Na fi son waya guda ɗungurungum a kan ɗan kan nan da ake jonawa, saboda shi yana lilo. Ga mai M1-DA kuma akwai kan da ke mayar da ita HDMI. Ka dai tuna DVI ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan, za mu zo kansa.

In component majigin yake da shi, na'urar ma tana da shi kuma ta kafin 2011 ce, wannan ita ce hanya mafi kwanciyar hankali, domin babu HDCP a cikinta. Kore a kore, shuɗi a shuɗi, ja a ja. A nan ga kuskuren da ake yawan yi: a bayan na'urar jajayen kafofi biyu ne, ɗaya ta Pr, ɗaya ta sautin dama, wadda take kusa da fara. In ka sa jan hoto a ta sauti, fuskar kowa a fim ɗin za ta koma kore-kore. Duba rubutun, kada ka bi launi kawai. Component yana kai 720p da 1080i, kuma yana jure tsawo fiye da HDMI. Abu ɗaya ne zai ba ka mamaki: in ka sa DVD na asali mai makulli, na'urar ba za ta ɗaga shi sama da 480p ko 576p ta wannan hanyar ba. Doka ce aka ɗora mata, ba lalacewa ba ce.

Akwai majigan da ba su da zagayayyun nan uku, amma kafarsu ta VGA tana karɓar component. Na Epson da yawa haka suke. Littafin zai faɗa, ko ka ga an rubuta Computer/Component a saman kafar. Ga irin waɗannan akwai waya mai kai uku a baki ɗaya da VGA a ɗaya. Bayan ka haɗa, shiga menu na majigin, wurin Input Signal, ka mayar da shi Component ko YPbPr. In majigin bai san wannan ba, wayar ba za ta koya masa ba.

Saura hanyar da yawancin masu karanta wannan za su bi: na'ura mai HDMI kaɗai, majigi mai VGA kaɗai. A nan dole sai da akwatin juya sigina, wanda 'yan kasuwa suke kira kwanbata, domin HDMI dijital ce, VGA kuwa analog. Za a nuna maka wata waya zalla, HDMI a nan VGA a can, babu wani ƙullutu a tsakani, mai arha. Kada ka saya. Waya ba ta juya dijital ya koma analog, sai da ɗan guntun lantarki a ciki.

Wajen zaɓen kwanbata, fara da alkibla. Akwai mai ɗaukar HDMI ya fitar da VGA, akwai mai yin akasin haka, a ido kusan kamarsu ɗaya, kuma ɗaya ba ya aikin ɗaya. Naka shi ne wanda aka rubuta Input a gefen HDMI, Output a gefen VGA. Sannan ka ɗauki mai kafar wuta ta USB. Kafar HDMI volt 5 take bayarwa, amma ɗan kaɗan ne, an tanade shi ne don na'ura ta gane abin da aka haɗa mata, ba don ciyar da akwati ba. Kwamfutoci sukan ba da fiye da haka, shi ya sa za ka ga kwanbatan da ya yi aiki a laftof ya ƙi yi a na'urar faifai. Sa masa cajar waya mai kyau. Ka tabbata kuma yana da 'yar kafar sauti irin ta abin sauraron kunne.

Sai batun HDCP, wanda a nan ba a gane shi da ido. Wasu kwanbatocin suna amsa wa na'urar Blu-ray, wasu ba sa amsawa, kuma rubutun kwali ba abin dogaro ba ne. Hanyar da na yarda da ita guda ce: ɗauki na'urarka da faifan Blu-ray na asali ka je shagon, a haɗa da allon kwamfuta mai VGA, a kunna fim ɗin kansa ya yi minti biyu yana tafiya. Ganin menu bai isa shaida ba, wani lokaci menu zai fito tas, fim yana farawa allon ya yi baƙi. In mai shago ya ƙi a gwada, ƙara gaba.

Kwanbata iri biyu ne. Ƙaramin, abin da aka ba shi shi yake miƙawa: ka ba shi 720p ya fitar da 1280x720 ta VGA. In majiginka ya karɓi wannan, ya wadatar. Babban, wanda ake kira scaler, yana sake girman hoton ya mayar da shi 1024x768 ko 1280x800, yadda majigin zai ɗauka kwamfuta ce aka haɗa masa. Ya fi tsada, amma ga majigin ofis mai taurin kai shi ne magani. Wurin ajiye shi kuma kusa da na'urar ne: gajeriyar HDMI zuwa kwanbata, doguwar VGA zuwa majigi. Nemi VGA mai kauri mai ƙullutu a bakunan biyu. Siririyar nan in ta yi tsawo za ka ga rubutu yana da inuwa a gefen dama.

Rawayar kafa da S-Video ba sa wuce matakin DVD. Na gwaji ne kawai, don ka tabbatar majigin yana raye.

Mataki na biyar: sauti

Manta da lasifikar da ke cikin majigin, ta taron ofis ce. Sauti daga na'urar zai fita kai tsaye zuwa kayan sautinka, ba sai ya bi ta majigi ba.

In kana da tsohuwar amfilifaya ta gida mai lasifika biyar da ta ƙasa, duba ko tana da Optical ko Coaxial. Haɗa da irinta a bayan na'urar, ka sa Digital Audio Output a Bitstream. Waɗannan wayoyin ba sa ɗaukar Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio, amma kada wannan ya dame ka, faifan yana ɗauke da Dolby Digital ko DTS na yau da kullum a tare, na'urar za ta miƙa shi da kanta. Shi ɗin ma yakan fi na DVD: Dolby Digital a Blu-ray yana kai 640 kbps, na DVD kuwa iyakarsa 448. Wayar Optical tana da 'yar hular roba a bakinta, cire ta kafin ka cusa, kuma kada ka lanƙwasa wayar sosai.

In kuwa amfilifaya ce ta lasifika biyu, ko irin manyan akwatunan nan na biki, yi amfani da ja da fari in na'urar tana da su, ko 'yar kafar sautin kwanbata. A nan sai ka sa PCM, Downmix kuma Stereo. In ta kwanbata ka bi kuma ka bar shi a Bitstream, ko ka ji shiru, ko ka ji wani ƙara mai kama da tsiyayar ruwa a kwano wanda zai iya fasa maka lasifika. Rage murya ƙasa kafin gwajin farko.

Na'urar da ba ta da komai sai HDMI, ga majigi mai DVI, tana bukatar ɗan akwatin cire sauti: HDMI ta shiga, HDMI ta fita zuwa majigi, sauti ya fita ta Optical ko ja da fari. A jikinsa akwai ɗan makunni mai 2CH da 5.1CH. Mai lasifika biyu ya sa 2CH, mai amfilifayar gida ya sa 5.1CH.

Finafinan Blu-ray ana haɗa sautinsu ne don silima, magana ƙasa-ƙasa, harbi da fashewa kamar za su tsaga rufi. In da dare kake kallo, kunna DRC ko Night Mode a saitin sauti, zai ɗaga maganar ya danne hayaniyar.

Mataki na shida: kunnawa da daidaita hoto

Duk haɗin nan a yi shi komai yana kashe. Wajen kunnawa, fara daga bango ka dawo baya: majigi tukuna, ka jira ya gama ɗumi, ka zaɓi kafar da ka haɗa da maɓallin Source, sai kwanbata da amfilifaya, na'urar faifai a ƙarshe. Dalili kuwa, tana tashi take tambayar abin da ke gabanta, in ta tarar yana barci sai ta yanke hukunci ita kaɗai.

Da hoto ya fito, in ta VGA ne danna Auto ko Sync a rimot ɗin majigin, ya daidaita gefuna. Sai ka dubi mutanen cikin fim ɗin. In sun yi tsawo sun rame, an miƙar da 16:9 ya cika 4:3, je Aspect ka sa 16:9. Baƙin da zai bayyana sama da ƙasa haka ya kamata ya kasance, kada ka ja hoton don ka cike shi. Nemi wani abu zagayayye, agogon bango ko tayar mota, in ya fito zagayayye to saitin ya yi.

Ajiye majigin ya fuskanci bango sak, ka ɗaga shi da tebur ko katako har hoton ya miƙe da kansa. Keystone yana gyara karkata, amma da ɗigon hoton yake biya, kai kuma ba ka da na zubarwa. Wajen saita kaifi, buɗe menu na majigin ka je kusa da bango, a juya maka zoben har ka ga ɗigon rubutun ɗaya-ɗaya.

Baƙi shi ne inda ake gane saiti ya yi ko bai yi ba. Siginar bidiyo tana lissafin haske daga 16 zuwa 235, ta kwamfuta daga 0 zuwa 255. In na'ura tana aika ta bidiyo majigi yana jiran ta kwamfuta, baƙi zai koma toka-toka, hoton ya yi fari-fari kamar an wanke shi. In akasin haka ne, duk abin da ke cikin duhu zai nutse, baƙar riga ba za ka ga ninkinta ba. Gyaran yana wurin RGB Range a na'urar: Limited ko Full, wasu suna rubuta Standard da Enhanced. Ga VGA da DVI na majigin ofis, Full ya fi dacewa. Tsayar da fim a wurin dare, ka gwada duka biyun. Cire majigin kuma daga Presentation ko Dynamic ka sa shi a Cinema ko Movie. Haske zai ragu kaɗan, amma fatar mutane za ta dawo fata.

In komai ya zauna, kana iya gwada 1080i ka kwatanta da 720p. Wani majigin ya fi na'urar iya matse hoto, wani na'urar ta fi shi. Wanda idonka ya fi so shi ne daidai.

Wuta da ƙura

Ƙwan waɗannan majigan yana aiki ne da zafi mai tsanani, kuma galibi awa 2000 zuwa 3000 aka yanka masa. Abin da ya fi rage masa kwana shi ne a ɗauke wuta yana tsaka da aiki, fanka ta tsaya, zafin ya kwanta a ciki. Majigi irin wannan yana jan wat 250 zuwa 350, don haka sa masa UPS mai 1000VA ko sama. Ba don ka ci gaba da kallo ba, don ka samu minti biyu ka kashe shi da rimot fanka ta gama aikinta. In wuta ta yanke masa babu UPS, kada ka kunna shi nan take da an tayar da janareta, bar shi ya huce. Eco Mode yana ƙara wa ƙwan kwana, fankar ma ta rage ƙugi. Lokacin hunturu kuwa, ciro soson tace iskar akai-akai ka kakkaɓe, in ya toshe majigin zai riƙa kashe kansa da jan haske a wurin Temp. Ƙwan yana ɗauke da sinadarin zaiba, wato mercury, in ya fashe a buɗe tagogi a fitar da yara.

In ya ƙi

Majigi ya rubuta No Signal: duba Source, duba wutar kwanbata, duba alkiblarsa. Ya rubuta Out of Range ko Not Supported: sigina tana isowa amma ta fi ƙarfinsa, koma talabijin ka sauke zuwa 720p, in ya ƙi ka gwada 576p ko 480p don ka gane inda iyakarsa take. Mai PlayStation 3 ba sai ya nemi talabijin ba, ya danne maɓallin kunnawa har ya ji ƙara na biyu, saitin hoton zai koma na farko.

Hoto yana zuwa yana ɗaukewa, ko fararen ɗigo suna tartsatsi a cikin baƙi: wayar HDMI ce ta yi tsawo ko ta gaji. Kawo na'urar kusa ka gwada da gajeriya kafin ka zargi wani abu. Duk allon ya rine ruwan hoda ko kore: YCbCr ake aikawa inda ake jiran RGB. Wani layi mai faɗi yana hawa sama a hankali, lasifika tana gurnani: kayan suna shan wuta daga soket daban-daban, tara su a kan abin jona wuta guda. Baki yana motsi bayan an riga an ji magana: majigin yana ɗan jinkiri wajen sarrafa hoto, nemi Audio Delay ko A/V Sync ka ƙara kaɗan-kaɗan har su haɗu.

In kuwa wasu faya-fayan suna yi, wani guda ya ƙi, haɗinka ba shi da laifi. Duba harafin yanki a bayan kwalinsa. In ya dace, to tsohuwar na'urar ce ba ta san makullin sabon faifan ba, sai an sabunta mata manhaja. Shafin kamfanin yakan ajiye ta a ƙarƙashin lambar samfurin, ana sauke ta a filashi ko a ƙona ta a CD, gwargwadon abin da littafin na'urar ya ce. Ka yi wannan aikin a kan UPS ko inbata, domin in wuta ta yanke ana tsakiyar sabuntawa, na'urar tana iya ƙin tashi gaba ɗaya.